Zanen Goyon da Ya Gagari Gwaggo

Ranar Talata da hantsi Mai abu ya karɓi abinsa. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta cika a ɗakinta na Gusau bayan jinyar kwana uku. Daga Allah muke, can za mu koma, ita dai ta riga mu ne. An kai ta kafin la'asar. Ban yi kuka a lokacin ba, don idona ya tsaya a kan igiyar shanyarta. Ɗankwali biyu ne a kai, waɗanda ta wanke da hannunta kafin ta kwanta, sun bushe ƙayau, ba wanda ya tuna ya kwashe.

Mun ɗauka zaman makoki na 'yan gida za a yi. Gwaggo ba ta bar ɗa ba, mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, kuma duk rayuwarta wanki ta yi a wani asibiti na cikin gari. Sai ga mutane har tabarmi suka ƙare, muka aro na maƙwabta. Mai sayar mata da kanwa a kasuwa ta zo tana share hawaye da gefen mayafi. Wata tsohuwar nas ta zauna kusa da ni ta ce, "Ke ba ki san wa kunka rasa ba." Ta ba ni labarin wata dattijuwa da aka sa wa robar fitsari, rana ɗaya jakar ta koma launin shuni. Dangi suka fara kiran 'yan uwa na nesa, su kansu ƙananan ma'aikata jikinsu ya yi sanyi. Gwaggo ta shigo kwasar zannuwan gado, ta leƙa, ta ce ta taɓa ganin irinsa, a tambayi tsohuwar yaushe rabonta da bayan gida, a canza robar, a kira likita, kuma a daina koke-koke a kanta. Likita ya zo ya faɗi kusan abin da ta faɗa. Dattijuwar da ƙafarta ta koma gida.

A waje wurin maza, wani likita mai furfura ya zauna a kan tabarma har aka shafa fatiha sau uku bai tashi ba. Maigidana ya ce da likitan zai tafi ya kama hannunsa ya ce, "Malamata ce."

Amma wadda zuwanta ya sa kowa ya kalli ɗan uwansa ita ce Inna, surukata. Daga Kucheri ta taso, a hanyar da yanzu ba a bin ta sai da addu'a, da ƙafafunta da suka daina ɗaukar ta. Shekara ashirin da shida rabon da ta yi wa Gwaggo magana in ba sallama ba. Ta shigo, ta ce Allah shi jiƙan rai, ta nemi kusurwa ta zauna da carbinta. Ba ta koma a ranar ba, ba ta koma washegari ba. Saboda abin da ke tsakaninsu nake wannan rubutu, don idan mu da muka gani muka kau, za a ce wata mai wanki ce ta mutu, shi ke nan.

Gwaggo ba ta san bihim ba a boko. Karatunta na sallah ne. Amma a ba ta zanen gadon mara lafiya, sai ta buɗe shi a rana ta karanta kamar wasiƙa. Ta san rawayar shawara, ta san ɗigon jinin tsargiya da ke zuwa a ƙarshen fitsari, ta san zanen mai ciwon suga tun kafin tururuwa su gano shi. Ta taɓa ba ni labarin mutumin da fitsarinsa yake fari kamar an dama nono, ya yi ta zaton ƙarfinsa ne ke zuba, alhali likitoci sun ce wani maiƙo ne ya ɓata hanya. Takan ce, "Mutum shina ɓoye ma likita, shina ɓoye ma matarshi, amma bai iya ɓoye ma mai wanki." Duk da haka ban taɓa jin ta haɗa labari da sunan mai shi ba. Sai dai ta ce wani mutum, wata baiwar Allah.

Kada in yi mata gyaran da ba ta nema ba: Gwaggo tana da baki. Idan ta shigo gidanki, kafin ta amsa sannu da zuwa ta riga ta zagaya igiyar shanyarki, hannu a baya, kamar mai duba gona. Za ta ɗaga rigar yaro ta ce ba a ɗauraye ta sau uku ba. Amarya a danginmu ba ta tsoron uwar miji kamar yadda take tsoron ranar da Gwaggo za ta kawo ziyara. Hannuwanta kuwa sabulu ya cinye su, sun yi fari-fari a tsakanin yatsu, sun yi kaushi. Idan ta shafa kanki sai ɗankwali ya zame.

Aurena na zumunci ne. Maigidana ɗan wan mahaifina ne, don haka Gwaggo tawa ce kuma tasa ce, ita kuma Inna matar yayanta ce. A Kucheri muka zauna, gida ɗaya da Inna. Ɗana na fari bai cika wata huɗu ba, zazzaɓi da gudawa suka tafi da shi cikin kwana biyu. Ba wanda ya ce mini komai a lokacin, amma na ga yadda ake kallon ƙirjina.

Da na haifi ɗiyata, lafiyayya, mai ƙiba, sai na ce Allah ya share mini hawaye. Ba mu yi arba'in ba na fara ganin tabo a tsummanta. Idan ta jiƙa shi ba a ganin komai, fitsari ne kamar na kowane jariri. Amma in ya daɗe a ajiye sai ya yi duhu, in kuma na sa sabulun salo sai ya koma baƙi kamar an zubar da tawada. Na yi ta ɓoyewa, ina shanya a bayan ɗaki. Wata rana ta jiƙa mini zanen goyo, farin saƙi da Gwaggo ta kawo ranar suna. Na wanke, na shanya a tsakar gida da mantuwa, Inna ta gani.

Ta daɗe tana juya shi. Sannan ta ce, "Wanga mataccen jini na. Cikinta ka ruɓewa." Ta sa aka kawo ludayi, ta ce in tatsa. Na tatsa. Ta kamo tururuwa ta jefa ciki, matan gida suka kewaye mu. Haka ake gwada nono tun kaka da kakanni: in tururuwa ta fito, nono mai kyau ne, in ta mutu, mugu ne. Ta yi iyo, ta yi iyo, ta tsaya.

Inna ta ɗago kai ta dube ni. Ba da tsawa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi shiga. "Nononki na. Shi yak kashe na hwari, shi ka shirin kashe wagga."

Ta yanke cewa ranar Juma'a za a cire yarinya daga nono, a mayar da ita ɗakinta, a riƙa ba ta nonon akuya da ruwan kunu. Har an ɗaure akuyar a gindin turmi. Ni na san abin da ke samun jaririn da aka yaye bai kai wata biyu ba, a farkon damina, lokacin da ruwan rijiya ke gurɓacewa. Amma abin da ya fi wannan muni shi ne na yarda da ita. Ina ba yarinya nono ina jin kamar guba nake ɗura mata. Ba don mugunta Inna ta yi ba. Ta binne jika ɗaya, ba ta son binne na biyu.

Maigidana ba ya iya ɗaga ido a gaban mahaifiyarsa. Abin da ya iya shi ne, da zai kai wake Gusau, ya karɓi zanen a naɗe ya sa a ƙasan buhu, ya kai wa Gwaggo. Washegari motar farko da ta biyo ta Tsafe ta sauke Gwaggo a Kucheri. Ba ta ko zauna ba. Ta warware zanen a tsakar gida, ta ɗaga shi a rana, ta shinshina, sai na ga fuskarta ta yi wani iri, kamar wadda ta haɗu da wanda ta daɗe tana cigiya.

"Da wane sabulu kika wanke?" ta tambaye ni.

"Na salo, Gwaggo."

"Kahin sabulu, ko bayan sabulu yaf fi baƙi?"

"Bayan sabulu."

Ta juya wurin Inna. "Matar Yaya, wanga ba jini ba na. Jini in ya ji ruwan sanyi gudu shikai. Wanga kau sabulu ka ƙara mai ƙarhi. Ni da jini mun san juna."

Inna ta ce, "Mai wanki ta zama likita."

Gwaggo ta ajiye zanen. Ta sa na ba yarinya nono ta ƙoshi, na ɗora ta a kan ƙafafuna yadda ake tsugunar da jarirai, ita kuma ta tara farar tasa. Fitsarin ya fito garau. Ta nuna wa kowa, ta raba shi a kofi biyu. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan guntun kanwa, ta jiƙa a murfin kwano, ta ɗiga ruwan a kofi ɗaya. Muna tsaye muna kallo ya fara rinewa daga sama, ya yi launin shayi ba madara, ya ci gaba har ya yi duhu. Wata daga cikin matan ta fara salati. Ɗaya kofin ta ajiye a inuwa ta ce a bar shi, kafin la'asar zai bi sahun ɗan uwansa a hankali, kuma haka aka yi. Sannan ta ce in tatsa a ludayi, ta ɗiga kanwar nan a ciki. Nono ya zauna fari.

Har yau ban manta ba. Matar da ba ta iya rubuta sunanta ba, da guntun kanwar da muke sawa a miya, ta raba mini abin da ya hana ni barci gida biyu, ta ce wannan daban, wannan daban.

Sai ta zauna ta faɗa mana inda ta san shi. Tun tana sabuwa a aiki aka kwantar da wani dattijo manomi daga wajen Bungudu, za a cire masa tsakuwa a mafitsara. Duk zanen da ya kwanta a kai, in ta sa a sabulu sai ya yi baƙi. Aka yi mata faɗa cewa tana lalata kayan asibiti, har aka ce za a sallame ta. Ta ɗauki zanen ta je ta tare wani tsohon likita a hanya. Shi kuma maimakon ya kore ta, sai ya biyo ta har wurin wanki, ya tsuguna a bakin daro da farar rigarsa, ya nuna mata wannan gwajin. Ya ce mata abu ne da ake haihuwar mutum da shi, kuma likita kan gama aikinsa bai ga ko ɗaya ba.

"Manomin nan da hurhura tai, da jikoki," Gwaggo ta ce. "Shekara sittin da yaye shi. To hwaɗa min, matar Yaya, nonon wa shika sha?"

Ta nemi kwana uku, Inna ta ba ta ba da son ranta ba. Muka tafi Gusau ni da ita da yarinya. Ta ƙofar baya ta shigar da mu asibitin, ta wurin igiyoyin shanya. Likitan da muka samu saurayi ne a lokacin, shi ne mai furfurar da ya zo gaisuwa. Da ya ga zanen sai ya fara maganar jini da ƙoda. Gwaggo ta ce, "Likita, ka yi haƙuri da tsohuwa, ba ni kwalba biyu." Ta maimaita masa abin da ta yi a Kucheri. Ya fita, ya dawo da wani ƙaton littafi da abokan aikinsa biyu. Suka auna fitsarin, ba jini. Suka duba ƙoda, lafiya lau. Ya faɗi sunan abin, alkaftonuriya, Gwaggo ta gwada sau biyu harshenta ya ƙi, ta ce ita dai tawada ta sani.

Ya yi mana bayani da Hausa mai sauƙi. Akwai wani abu da jiki ke narkarwa daga abinci, na ɗiyata ba ya ƙarasa narkar da shi, sai ya fita ta fitsari, in ya sha iska ya yi baƙi. Ba ya kashe yaro, ba ya hana shi girma. Sai dai in shekaru sun ja yakan taɓa gaɓoɓi da baya, yakan kawo tsakuwa, don haka ta riƙa shan ruwa da yawa, a riƙa kawo ta ana dubawa. Gado ne, kuma sai ya haɗu daga wajen uwa da wajen uba, shi ya sa ya fi fitowa a auren gida. Na tambaye shi nono fa. Ya ce, "Ki ba ta har ta ture da kanta."

A nan ya kamata a ce magana ta ƙare, amma Gwaggo ce. Da muka koma ta tsaya a tsakar gida ta ce abin na gidansu ne, daga kakanmu ya gangaro ta wajena da ta wajen maigida, ba ruwan nono. Inna ta ce ita dai ta san tururuwa ba ta ƙarya. Sai Gwaggo ta ɗauki ludayin nan, ta je gindin turmi ta tatso akuya, ta kamo tururuwa uku ta zuba. Ɗaya ta fito, biyu suka nutse. Ta miƙa wa Inna ludayin ta ce, "To, akuyar ma sai a yaye ɗanta."

Matan gida suka kwashe da dariya, har da surukan Inna. Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ranar Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya taɓa mini yarinya, aka kwance akuya. Amma daga ranar Inna ta rufe bakinta ga Gwaggo. Ni kuma, ko da yake ta bar ni na shayar, ba ta taɓa janye abin da ta faɗa a kan ɗana na fari ba. Na zauna da ita shekara da shekaru, na dafa mata, na yi jinyarta, maganar tana nan a ƙirjina. Gwaggo ta ce mini zazzaɓi ne, likita ya ce mini zazzaɓi ne, na kuma yarda da kaina. Duk da haka wadda ta ɗora mini kayan ita nake jira ta sauke.

Na taɓa tambayar Gwaggo me ya kai ta ga akuya. Ta daɗe tana murza wuyan wata riga kafin ta ce, "Na wuce gona da iri. Gaskiya ta ishe ni, sai nik ƙara da dariya." Kowace sallah takan aika wa Inna sandar sabulu da sabon zane, ta wanke shi ta goge da kanta. Inna takan karɓa, ba ta mayarwa, ba ta godiya.

Ɗiyata ta girma, Gwaggo na kiran ta mai tawada har ta zama budurwa. Da aka zo neman aurenta daga Bungudu, mutanen da ba danginmu ba, Gwaggo ta ɗauki kanwarta ta je ta sami uwar angon ta bayyana mata komai, don kada wata rana a ga shanya a kamo tururuwa. Wata uku da suka wuce ɗiyata ta haifi namiji. Gwaggo, da sandarta da idonta da ya fara hazo, ta sa aka kai ta Bungudu. Ba ta ɗauki jariri ba sai da ta zagaya igiya. Ta dawo ta ce, "Wanga bai zo da alƙalami nai ba," ta zauna tana dariya har da tari.

Ranar sadakar uku muka buɗe akwatinta. Ba wani abin kirki: zannuwa a goge, carbi, ƙullin kanwa. A can ƙasa sai ga farin saƙin nan, a ninke, da tabonsa baƙi kamar jiya aka yi. Na san ta gwada shi da duk dabarar da ta sani, ya gagare ta, ban dai san ta ajiye ba. Na fito da shi tsakar gida ba tare da na yi tunani ba.

Inna ta miƙo hannu daga kusurwarta. Na ba ta. Ta shimfiɗa shi a cinya tana bin tabon da yatsa. Daidai nan jaririn ɗiyata ya fara kuka, ta yunƙura za ta shiga ɗaki da shi saboda kunyar mutane.

"Zamna nan," Inna ta ce mata. "Ba shi shi sha in gani."

Ɗiyata ta zauna ta gyara mayafi, yaro ya kama, gidan ya yi tsit sai ƙarar haɗiyarsa. Inna ta daɗe tana kallon su. Sannan ta juyo wurina, idonta a kan zanen.

"Tun ranar kanwa nis san gaskiyarta," ta ce. "Dariyar ta at tsaya min a wuya. Na so in hwaɗa mata, ga shi ta tahi." Ta ninke zanen yadda Gwaggo ke ninkewa, gefe ya haɗu da gefe, ta ɗora mini a hannu. "Ke kau kina da rai. Na hwarin ma ba nononki ba na. Kwana nai ya ƙare."

A nan kukan da ban yi ranar Talata ba ya zo.

Ya Allah, baiwarka ta ƙare rayuwarta tana wanke ƙazantar marasa lafiya, ba ta tona asirin kowa ba. Ka wanke ta tas, har da abin da bakinta ya jawo mata, ka sa ta huta. Da la'asar na je na kwashe ɗankwalayen nan biyu daga igiya. Ɗaya na ba ɗiyata, ɗaya Inna ta ce nata ne.